Taswira Mai Launi Huɗu: Tarihin Gida da Bashi da Adalci a Amurka

Kafin magini ya haƙa harsashin gida, kafin kafinta ya ɗora kan rufi, akwai wani hukunci da ya rigaya ya gudana a wani ofishi mai nisa, wanda ya ƙayyade wa za a ba rancen sayen gidan da wa za a hana, da kuma unguwar da aka yarda mutum ya sauke iyalinsa a cikinta. Kuma wannan hukunci, ko da yake ba a ganinsa a jikin bango, ya fi tubalin kansa daɗewa, domin yana bin zuriya har jikoki. Babu ƙasar da ta bar wa masu nazari hujjoji rubutattu a kan wannan al'amari kamar Amurka, inda a cikin ƙarni guda daula ta ƙirƙiro hanyar da talaka zai mallaki muhalli, ta toshe wannan hanya ga wani sashe na talakawanta, sa'an nan ta haramta toshewar, ta shiga neman dabarar gyara ɓarnar da hannunta ya yi.

Asalin labarin hijira ce. Tun daga wajen 1910 har zuwa 1970, baƙar fata kimanin miliyan shida suka bar jihohin Kudu, inda aka bautar da kakanninsu, suka nufi Chicago da Detroit da New York da sauran biranen masana'antu, suna gudun zalunci suna neman abin sawa a baki. Wasu birane suka kafa dokar raba unguwanni bisa launin fata, amma a 1917 Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan doka ta birnin Louisville, a shari'ar Buchanan da Warley. Sai masu gidaje da dillalai suka koma ga wata hila wadda ta fi dokar ƙarfi: aka riƙa rubuta sharaɗi a cikin takardar mallakar gida cewa ba za a sayar da shi ko a ba da hayarsa ga baƙar fata ba, wani lokaci har da Bayahude da mutumin Asiya, kuma sharaɗin yana bin gidan daga mai saye zuwa mai saye, ta yadda maƙwabci yana da ikon kai ƙarar wanda ya saɓa.

A wancan zamani sayen gida da bashi abu ne mai wuya ga kowa. Banki kan nemi mutum ya ajiye kusan rabin kuɗin gidan a matsayin kafin alƙalami, ya ba shi sauran na shekara biyar ko goma, yana biyan kuɗin ruwa, sa'an nan idan wa'adi ya cika a nemi uwar kuɗin gaba ɗaya, ko kuwa a sabunta bashin. Da karayar tattalin arziki ta auku a 1929, bankuna suka daina sabuntawa, ma'aikata suka rasa aiki, har ya zamana a 1933 ana ƙwace gidaje wajen dubu a kowace rana. A wannan shekara gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumar da ake taƙaita sunanta da HOLC, wadda ta sayi basussukan da suka tsaya daga hannun bankuna, ta mayar da su na shekara goma sha biyar, ana biyan uwa da ruwa tare kaɗan-kaɗan kowane wata. Kuma cikin shekara uku ta ceci gidaje fiye da miliyan ɗaya.

Abin da ya biyo baya a 1934 shi ne ginshiƙin dukan tarihin, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Hukumar gidaje ta tarayya, wato FHA, ba ta gina gida ba, ba ta kuma ranta wa kowa ko sisi ba. Abin da ta yi shi ne tsayawa lamuni, ta ce wa banki: ranta wa wannan mutum kashi 80 cikin ɗari na kuɗin gidan, ka ba shi shekara ashirin, idan ya gaza biya asarar tana wuyana. Da haɗari ya tashi daga kan banki ya koma kan daula, sai kuɗin ruwa ya sauka, wa'adi ya ƙara tsawo har ya kai shekara talatin, kafin alƙalami ya ragu, har biyan wata-wata ya zo daidai da kuɗin haya ko ƙasa da shi. A 1938 aka ƙara kafa Fannie Mae don ta riƙa sayen waɗannan basussuka daga bankuna, su sami kuɗin sake rantawa; a 1944 kuma dokar tsofaffin sojoji ta ba waɗanda suka dawo daga yaƙi damar sayen gida ba tare da kafin alƙalami ba. Mai karatu Musulmi zai lura cewa tsarin duka a kan riba aka gina shi, kuma hukuncinta a wurin malamanmu sananne ne. Amma abin da nake son a riƙe shi ne cewa arahar gidan ta fito ne daga lamunin baitulmali, wanda kowane mai biyan haraji yake da haƙƙi a cikinsa. Sakamakon kuwa bai ɓuya ba: a 1940 kashi 44 cikin ɗari na iyalan Amurka ne suke zaune a gidan kansu, a 1960 sun kai kashi 62.

To, wanda ya tsaya lamuni dole ya auna haɗari, kuma a wurin aunawar ne zalunci ya sami ƙofar shiga. Tsakanin 1935 da 1940 HOLC ta aika masu ƙiyasi, tare da dillalai da ma'aikatan banki na kowane gari, suka zana taswirar birane fiye da ɗari biyu, suka raba unguwanni daraja huɗu: kore ga mafi aminci, shuɗi ga mai bi masa, rawaya ga wadda suke ganin tana lalacewa, ja kuwa ga wadda suka ce haɗari ce. A cikin bayanan da suka rubuta tare da taswirorin, sun lissafa tsufan gidaje da sana'ar mazauna, kuma sun lissafa launin fata a fili, ta yadda unguwar baƙar fata kusan kullum ja take samu, ko da mazaunanta likitoci ne da malaman makaranta. Adalci ya wajabta a faɗi cewa masana tarihi na baya-bayan nan sun nuna HOLC kanta ta ranta wa mutane a cikin jajayen unguwanni, kuma mafi yawan rancenta ya rigayi taswirorin. Babban laifin yana kan FHA, wadda littafin ƙa'idojinta ya umurci ma'aikata su ɗauki cuɗanyar jinsuna a matsayin abin da ke karya darajar gida, ya kuma yaba wa sharaɗin nan na takardar mallaka, har ta kai ga tana ba magina shawarar su rubuta shi.

A Detroit, a 1941, wani magini ya so ya kafa unguwar farar fata kusa da wata tsohuwar unguwar baƙar fata a gefen titin Eight Mile, aka hana shi lamuni saboda maƙwabtakar. Sai ya gina katanga ta kankare mai tsawon rabin mil da tsayin ƙafa shida a tsakani, aka ba shi lamunin, kuma katangar tana nan tsaye har yau. A Levittown ta jihar New York, inda aka gina gidaje 17,447 tsakanin 1947 da 1951, ana sayar da ɗaya ƙasa da dala dubu takwas, takardun farko sun haramta wa wanda ba farar fata ba zama a ciki, sai fa in bara ne mai yi wa masu gidan hidima. Wani bincike na 1947 a birane goma sha uku na jihar Mississippi ya tarar cewa daga cikin rance 3,229 da hukumar tsofaffin sojoji ta tsaya wa lamuni, biyu kacal suka je hannun baƙar fata, alhali tare aka yi yaƙin.

A 1948, a shari'ar Shelley da Kraemer wadda ta taso daga St. Louis, Kotun Ƙoli ta yanke cewa babu alƙalin da zai ƙara tilasta bin sharaɗin launin fata. Amma hana alƙali tilastawa bai sa banki ya buɗe taskarsa ba. Mutumin da aka hana rance na halal a idon doka bai daina buƙatar wurin kwana ba, don haka ya faɗa hannun 'yan baranda. A Chicago, musamman a unguwar North Lawndale, ɗan baranda kan tsoratar da farar fata cewa baƙaƙe suna tafe, ya sayi gidansu da araha, ya sayar wa baƙar fata da ninkin kuɗin ko fiye, bisa wata yarjejeniya wadda take barin takardar mallaka a hannun mai sayarwa har sai an biya kuɗi na ƙarshe. Mai sayen yana biyan haraji, yana gyaran rufi da famfo kamar mai gida, amma idan ya fasa biyan wata ɗaya rak, ana iya fitar da shi kamar ɗan haya, duk abin da ya biya na shekaru ya tafi, a sake sayar da gidan ga wani. Wannan ciniki ya tara gararin da zaluncin da kowace shari'a mai mutunci take ƙyama, kuma sai a 1968 masu sayen suka haɗa ƙungiya, suka daina biya tare, har aka sake wa wasu ɗaruruwa daga cikinsu sharuɗɗa. A nan ne asarar ta zama ta gado: gidan Levittown da aka saya da dala dubu takwas ya yi ta hauhawa, aka jinginar da shi aka biya kuɗin jami'ar 'ya'ya, aka bar shi ga magada, alhali wanda ya biya fiye da haka a Lawndale sau da yawa ya mutu bai bar wa nasa kome ba.

Akwai hanya ta biyu da daula ta bi, wato ta gina gidajen haya da kanta. Dokar 1937 ta ɗora wa tarayya kuɗin gini, ta ɗora wa hukumomin garuruwa gudanarwa, ta kuma ce kuɗin gyara da kulawa daga haya zai fito. Dokar 1949 ta yi alkawarin gidaje 810,000 cikin shekara shida, abin da ya ɗauki wajen shekara ashirin kafin ya cika. 'Yan majalisar garuruwa suka ƙi yarda a kafa waɗannan gidaje a unguwannin farar fata, aka cunkusa su inda talauci ya riga ya yi katutu. Pruitt-Igoe ta St. Louis, benaye 33 masu hawa goma sha ɗaya, ɗauke da gidaje 2,870, an gama ta a tsakiyar shekarun 1950. Da masana'antu suka bar birnin, masu aikin yi suka tashi, haya ta kasa ɗaukar nauyin gyara, na'urorin hawa bene suka tsaya, bututun ruwa suka fashe, a 1972 aka fara rushe ta da nakiya a gaban kyamarori. An yi ta nuna hoton a matsayin hujjar cewa gwamnati ba ta iya gina gida ba. Ni dai abin da na gani a ciki shi ne an haifi yaro an hana shi nono, sa'an nan aka zarge shi da rama.

Dokar daidaito a sha'anin gidaje ta fi sauran dokokin 'yanci wuyar haihuwa, domin dokokin 1964 da 1965 Kudu suka fi shafa, ita kuwa wannan ta taɓa ƙofar gidan mutumin jihohin Arewa. A 1966 Martin Luther King ya koma Chicago ya jagoranci jerin gwano cikin unguwannin farar fata, kuma ranar 5 ga Agusta, a Marquette Park, aka jefe shi da dutse a ka. A wannan shekara ƙudurin dokar ya mutu a majalisar dattawa. Bayan tarzomar 1967, kwamitin bincike na Kerner ya gargaɗi ƙasar cewa tana rabuwa al'umma biyu marasa daidaito. Sanata Walter Mondale da Sanata Edward Brooke, wanda shi kaɗai ne baƙar fata a majalisar dattawa a lokacin, suka tura ƙudurin har ya wuce a watan Maris na 1968, amma ya maƙale a majalisar wakilai. Ranar 4 ga Afrilu aka harbe King a Memphis, wuta ta kama a birane fiye da ɗari, ranar 10 ga wata wakilai suka amince, washegari Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu.

Dokar ta haramta nuna bambanci a saye da haya da rance saboda launi ko jinsi ko addini ko ƙasar asali, amma farashin samun ƙuri'u shi ne aka cire mata haƙora: ma'aikatar gidaje ba ta da iko sai na sulhu da lallashi, wanda aka zalunta kuwa sai ya nemi lauya da kansa, kuma tarar ladabtarwa ba ta wuce dala dubu ɗaya. Akwai wata jimla a cikinta da ta wajabta wa gwamnati ta yi aiki da gangan don warware rabuwar unguwanni, ba wai ta tsaya ga hani kawai ba. George Romney, sakataren gidaje a zamanin Shugaba Nixon, ya ɗauki jimlar da gaske, ya fara hana kuɗin tarayya ga garuruwan da suka rufe ƙofa, sai shugabansa ya taka masa birki. An ƙara kariya ga mata a 1974, sa'an nan a 1988 aka ƙara naƙasassu da iyalai masu yara, aka kuma ba dokar alƙalai da tara mai nauyi. Hujjar da ta fi aiki a kotu kuwa mai sauƙi ce: a aika mutum biyu masu kuɗin shiga iri ɗaya, ɗaya fari ɗaya baƙi, wurin dillali guda, a ji abin da zai gaya wa kowannensu, kuma Kotun Ƙoli ta amince da wannan hanya a 1982.

Hani dai ba ya motsa jari, kuma mutanen unguwa sun rigayi 'yan majalisa fahimtar haka. Gale Cincotta, wata uwa daga unguwar Austin ta Chicago, ta tattara maƙwabta fari da baƙi a kan tambaya ɗaya: bankin da yake karɓar ajiyarmu, ina yake ranta kuɗin? Gwagwarmayarsu, tare da goyon bayan Sanata William Proxmire, ta haifi dokar 1975 wadda ta tilasta wa bankuna su bayyana wuraren da suke ba da rancen gida, da dokar 1977 wadda ta ce bankin da daula take kare ajiyarsa wajibi ne ya biya buƙatar rance ta dukan yankinsa, har da matalautan unguwanni, kuma a duba hakan idan ya nemi izinin buɗe reshe ko haɗewa da wani. Tun 1973 ma wasu mutum huɗu sun sayi bankin South Shore, wanda ya so ya gudu daga unguwarsa da ta koma ta baƙar fata, suka nuna cewa ana iya ranta wa ƙananan magina su gyara tsofaffin benaye kuma kuɗin ya dawo. Misalinsu yana daga abin da ya sa aka kafa asusun tarayya na cibiyoyin kuɗi masu raya unguwanni a 1994, ko da yake bankin kansa ya durƙushe a 2010.

A wannan tsakani ma'anar gida mai araha ta sami ma'auni. Gyaran da Brooke ya kawo a 1969 ya ce kada ɗan haya a gidan gwamnati ya biya fiye da rubu'in samunsa, a 1981 aka ɗaga zuwa kashi 30 cikin ɗari, kuma wannan adadi ne har yanzu ake cewa wanda ya wuce shi nauyin gida ya danne shi. Bayan Nixon ya dakatar da sababbin ayyukan gini a 1973, dokar 1974 ta kawo tsarin da ake kira Sashe na Takwas, wanda daga cikinsa takardar tallafin haya ta fito: iyali su nemi gida a kasuwa, su biya kasonsu, gwamnati ta cika wa mai gida sauran. Shari'ar da Dorothy Gautreaux da wasu 'yan haya suka shigar a Chicago a 1966, wadda Gautreaux ta rasu ba ta ga ƙarshenta ba, ta sa aka yi amfani da irin wannan tallafi wajen mayar da iyalai wajen dubu bakwai zuwa wasu unguwanni. Amma tallafin haya ba haƙƙi ne da kowane mabuƙaci yake samu ba. Kimanin iyali ɗaya cikin huɗu da suka cancanta ne suke samunsa, sauran suna jira shekaru, alhali rangwamen haraji a kan ruwan bashin gida, wanda mawadata suka fi cin gajiyarsa, ba ya da layin jira. A 1998 kuma aka kafa doka da ta hana adadin gidajen gwamnati ya wuce inda yake a 1999.

Abin da ya maye gurbin ginin gwamnati shi ne rangwamen haraji na 1986, a zamanin Ronald Reagan, kuma yadda yake aiki ya cancanci bayani. Tarayya tana raba wa kowace jiha kason rangwame gwargwadon yawan jama'arta. Jiha ta ba maginin da ya ci gasa. Magini, da yake kuɗi yake buƙata yau, sai ya sayar da rangwamen ga banki ko babban kamfani, wanda zai riƙa cire shi daga harajinsa har shekara goma. Da wannan jari bashin ginin yake raguwa, sai a iya rage haya. Sharaɗin kuwa shi ne a keɓe aƙalla kashi 20 cikin ɗari na gidajen ga masu samun rabin matsakaicin samun yankin, ko kashi 40 ga masu samun kashi 60 nasa, a riƙe hakan shekara talatin. Gidaje fiye da miliyan uku aka gina ko aka gyara ta wannan hanya, kuma ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai hanya ce mai kwana-kwana wadda lauyoyi da dillalan jari suke cin rabonsu a kowace kwana, kuma hayar da aka ɗaura a kan kashi 60 ta fi ƙarfin mafi talaucin talakawa, sai in suna da takardar tallafi a hannu.

Jarrabawa mafi ɗaci ta zo ne a farkon wannan ƙarni, lokacin da rance ya shiga unguwannin da aka daɗe ana hana su, amma da sharuɗɗa masu guba da ruwan da yake tashi bayan 'yan shekaru. Da kasuwar ta rushe a 2008, iyalan baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka sun yi asarar kaso mafi girma na dukiyarsu. A 2011 aka sasanta da ma'aikatar shari'a a kan dala miliyan 335, bisa zargin cewa kamfanin Countrywide ya caji irin waɗannan masu rance fiye da 200,000 kuɗi sama da na farar fata masu daraja ɗaya da su. A 2012 bankin Wells Fargo ya sasanta a kan dala miliyan 175 bisa zargi makamancinsa. A 'yan shekarun nan kimanin kashi 74 cikin ɗari na iyalan farar fata suna da gidan kansu, baƙar fata kuwa wajen kashi 45, kuma wannan tazara ba ta gaza ta 1960 ba, lokacin da bambancin yake halal a idon doka.

Igiyoyin nan uku, wato araha da daidaito da hanyar samar da kuɗi, sun haɗu a shari'a ɗaya. Wata ƙungiya a Dallas mai taimaka wa masu takardar tallafi su sami gida ta kai ƙarar hukumar gidaje ta jihar Texas, tana cewa ana tara gidajen rangwamen haraji a matalautan unguwannin baƙar fata, ana ƙaurace wa unguwannin farar fata na bayan gari inda makarantu suka fi kyau. Masu kare tsarin kuwa suna da tasu hujjar mai nauyi, cewa matalautan unguwanni su ma suna da haƙƙin a zuba musu jari. Ranar 25 ga Yuni, 2015, Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta bakin Mai Shari'a Anthony Kennedy, ta tabbatar cewa dokar 1968 tana kama tsarin da sakamakonsa yake cutar da wani jinsi ko da ba a tabbatar da mugunyar niyya ba. Amma ta gindaya sharaɗin cewa mai ƙara ya nuna takamaiman tsarin da ya haifar da cutarwar, ƙididdiga kaɗai ba ta isa ba. Da aka mayar da shari'ar kotun farko a Dallas, alƙali ya auna ta da wannan sabon ma'auni, a 2016 ya kori ƙarar.